Abin da tumbin sa ya koya mini

Tun da na fara aiki da masu turkar shanu a Garwa ta ƙasar Kamaru, tambayar da na fi sha ita ce: "Malam, ga kara jibge, bijimin nan yana ci dare da rana, me ya sa yake ta ramewa?"

Amsar tana cikin tumbi. Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani a ciki, su ne ke narkar da ciyawa, sa kuma da aikinsu yake rayuwa. Idan furotin na abincin ya gaza kashi 7 cikin ɗari, sai su yi sanyi, karan ya daɗe a ciki bai narke ba, cin dabbar ma ya ragu. Busasshiyar ciyawar bazara da karan dawa kuwa ba su kai wannan mizani ba. Ciki a cike, haƙarƙari a waje.

Shi ya sa ɗan ƙulin angurya, irin wanda kamfanin auduga na Sodecoton ke fitarwa a Garwa da Marwa, yake abin mamaki. Kaɗan ake zubawa, amma sai ka ga san ya koma kan karan da ya ƙi jiya. Harawa da 'ya'yan gawo ma haka suke yi, kuma kakanninmu sun san wannan tun kafin a zo da sikeli. Wanda ƙuli ya yi wa tsada yana iya jiƙa kilo 4 na takin yuriya a ruwa, ya yayyafa wa kilo 100 na tattaka, ya rufe da leda mako 3 kafin ya ba shanu. Sai dai a kiyaye, yuriya tsurarta kisa take yi.

A wajen maƙwabtanmu na Yagwa masu kiwon alade na ga ɗaya gefen. Alade ba ya tuƙa, cikinsa guda ne kamar na kaza, don haka kara ba abincinsa ba ne. Ƙulin da ke gina shanu yana iya illata alade idan ya yi yawa, saboda gubar gosifol da ke cikin angurya.

Inda nake saɓawa da masu gaggawa shi ne batun hatsi. Mutum ya sayi bijimi yau, gobe ya cika masa kwano da dusa da masara don ya riski kasuwar salla. Tumbin da ya saba da ciyawa sai ya yi tsami, zawo ya biyo baya, wani ma ya kwanta. Ni dai nakan ce a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako biyu, ruwa da kanwa suna kusa.