Ranar da na ɗaga iyakar saƙo a kwamfutar Alhaji

A makon jiya wani ɗan kasuwar hatsi a nan Garwa ya kira ni in duba tsohuwar kwamfutar shagonsa, wadda take ɗauke da Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, mai lamba 2.6.32 tun lokacin da aka kafa ta. Manhajoji biyu ne suke aiki a kanta: ɗaya tana karɓar lissafin buhunan da suka shiga sito, ɗayar kuma tana rubuta su a kundi, kuma suna magana da juna ta abin da ake kira layin saƙonni na POSIX (jerin ƙa'idojin da tsare-tsare irin su Linux suke bi), wato wurin da wata manhaja ke ajiye saƙo a cikin zuciyar tsarin har sai ɗayar ta zo ta ɗauka. Linux ta samu wannan hanya ne a 2004, a fitowa ta 2.6.6.

Aikina shi ne in ƙara manhaja ta uku mai aika manyan rahotanni. Bisa asali, layi ɗaya yana ɗaukar saƙo 10, kowane saƙo kuma ba ya wuce bayit 8192 (bayit shi ne ma'aunin girman bayanai a kwamfuta), alhali rahotannin sun fi haka girma. Sai na buɗe fayil ɗin msgsize_max, inda ake sa iyakar girman saƙo, na mayar da shi 65536, na sake tayar da manhajojin. Sabuwar ta tashi lafiya, amma tsohuwar mai rubuta kundi, da ta shekara goma ba ta taɓa ba kowa wahala ba ta ƙi karɓar ko saƙo ɗaya, sai kuskuren EMSGSIZE, mai nuna matsalar girman saƙo, take ta maimaitawa.

"Malam, ai ba ka taɓa wannan ba, me ya same ta?" in ji Alhaji. Da gaskiyarsa, ban taɓa ta ba, sai dai na taɓa mudun da take awo da shi.

Wanda ya rubuta ta bai faɗa wa tsarin girman layin da yake so ba, ya bar shi ya zaɓa masa, sa'annan ya tanadi wurin karɓa na bayit 8192 daidai, domin a zamaninsa adadin ba ya motsi. Ƙa'idar POSIX kuwa ita ce, mai karɓa dole wurinsa ya kai girman saƙo mafi girma da layin ya yarda da shi, ko da saƙon da ke jira bai wuce kalma biyu ba. Abin da ban tuna ba shi ne, daga 2.6.28 zuwa 3.4, Linux ta ɗaure adadin asali, wato wanda take ba manhajar da ba ta zaɓi girma ba, da iyakar sama, ta yadda duk wanda ya ɗaga rufin ya ɗaga mudun kowa da kowa ba tare da ya sani ba. Kamar mai awo ne a kasuwa ya sauya mudu da dare, da safe mata su zo da kwanukan da suka saba zuwa da su.

A 2012, a fitowa ta 3.5, aka raba abubuwan biyu, aka kawo fayilolin adadin asali, msg_default da msgsize_default, aka bar su a kan 10 da 8192 ɗin nan na da. Na sha jin matasa masu koyon sana'ar suna yi wa waɗannan adadi dariya, suna cewa sun yi kaɗan ga kwamfutar yau, kuma ni ma na taɓa faɗin haka. Yanzu ra'ayina ya bambanta, domin iyakar sama ta mai kula da na'ura ce, yana iya ɗaga ta yadda ya ga dama, amma adadin asali dubban manhajoji ne suka gina a kansa, waɗanda da yawansu ba a ma san inda marubutansu suke ba. Layukan System V, wata hanyar saƙonni ta daban, waɗanda suka girme wa na POSIX, su ma har yau suna kan bayit 8192 ga saƙo da 16384 ga layi gaba ɗaya, ko da yake an ɗaga yawan layukan zuwa 32000 a fitowa ta 3.19. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya daɗe yana tsaye a kan cewa sauyi a zuciyar Linux bai kamata ya karya manhajar da take aiki ba.

Tunda ba mu da rubutun asali na tsohuwar manhajar, sai na rubuta wata 'yar ƙarama da take buɗe layin nata da bayit 8192 kafin ita ta tashi, don ta tarar da shi yadda ta saba. Kafin la'asar lissafin masara da dawa ya ci gaba da shiga kundi, ni kuma na rubuta abin da na yi a takarda na manna a jikin kwamfutar saboda wanda zai zo bayana.