Yadda Muke Kwance Injin da Tsatsa ta Cije

Ina da ƙaramin gareji inda nake gyaran janareto, injinan ban ruwa da tsofaffin motoci, kuma cikin ayyukan da aka fi kawo mini akwai injin da aka ajiye shekara ɗaya ko biyu ba a tayar ba, har ya cije ya ƙi juyawa. Masu irin wannan inji sukan zo ne sun riga sun fid da rai, suna tunanin sayar da shi a matsayin tsohon ƙarfe, alhali sau da yawa yana da sauran aiki a gabansa.

Kafin in zuba komai, sai na gano abin da ya riƙe shi. Idan yana cikin aiki ne baƙin mai ya ƙare, ya yi zafi har ƙarfe ya narke ya manne da ƙarfe, babu ruwan da zai kwance shi, dole a sauke shi a buɗe. Amma idan a ajiye yake, danshi ya shiga ta salansa ko ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe, tsatsa ta haɗe zobban fistin da bangon silinda, to wannan shi ne wanda jiƙo, wato zuba ruwan kwance tsatsa a cikin silinda a bar shi ya ratsa, yake yi wa magani. Nakan kuma cire bel da sitata tukuna, domin wani lokaci sitatar ce ko abin da bel ɗin ke juyawa ya cije, injin kansa lafiyarsa lau.

Haɗin da na fi amincewa da shi shi ne asiton, wato ruwan sinadarin da ake goge fentin farce da shi, da jan man giyar atomatik, rabi da rabi. Asiton ba shi da kauri, saboda haka yana ratsa 'yar ƙaramar kafar da ke tsakanin zobe da bango, ya ja man ya shiga da shi, sannan ya bushe ya bar man a kan tsatsar. Biyun ba sa zama a gauraye, sai an girgiza su sosai daf da zubawa. Asiton yana tafasa a digiri 56 kacal na ma'aunin Celsius, don haka nakan mayar da fulogi a sassauce bayan na zuba ta raminsa, kada ya tsere da wuri. Yana kama wuta nan take, yana kuma cin fenti da wasu nau'o'in roba, shi ya sa ba na yarda yarana su haɗa shi kusa da mai walda ko a rufaffen ɗaki. Idan babu asiton, kananzir ko dizal da aka gauraya da man suna aiki, sai dai sun fi jinkiri.

Daga nan sai jira. Nakan bar shi kwana uku zuwa mako biyu, ina leƙawa kullum ina ƙarawa. Ranar da na ga ruwan ya ragu a silinda, na san ya fara wuce zobba. Sai in sa doguwar sifana a kan notin kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, in taɓa gaba kaɗan, in dawo baya kaɗan, ba tare da na danna da dukkan ƙarfina ba. Farkon shigata wannan sana'a na taɓa ƙara wa sifana bututun ƙarfe don in gama da wuri, notin ya karye a ciki, kuma ni na biya kuɗin gyaran daga aljihuna. Har yau idan na ga yaro ya ɗauko bututu, sai in karɓe shi daga hannunsa.

Idan ya motsa, ko da faɗin yatsa ne, sai in ƙara ruwan in ci gaba da kaɗa shi a hankali har ya yi zagaye cikakke. Ba a sa masa sitata sai an cire fulogi gaba ɗaya an fitar da ruwan da ya rage, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma zai iya lanƙwasa sandar fistin. Bayan haka nakan zubar da baƙin man da jiƙon ya gurɓata, in sa sabo da sabuwar filta, in auna matsin kowace silinda. Idan ɗaya ta yi ƙasa ƙwarai, nakan faɗa wa mai injin cewa tsatsa ta ci bangon, kuma zai riƙa shan mai yana hayaƙi har sai an gyara silindar an canza zobba.