Tsuntsun Yankari ba ya jiran mai makara

Alkawarin da muka yi shi ne ana idar da sallar asuba motar za ta tashi daga Bauchi. Ba mu tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi, saboda mutum biyu da suka ce "ga mu nan tafe" suka bar mu zaune. Daga ƙofar shiga dajin Yankari da ke Mainamaji zuwa Wikki, masaukin baƙi, kuwa akwai tafiyar sama da kilomita 40, kuma ba a gudu a cikin daji. Muna isa rana ta take.

Yankari na da tsuntsaye iri sama da 350, amma da tsakar rana kusan duk sun shige inuwa sun yi shiru. Ɗan rakiyarmu ya dube mu ya ce, "Malam, ai da sassafe ake zuwa bakin kogin Gaji." Ya ce da safen nan burtu sun fito kiwo a fili. Ni da na taso ina jin yadda maharba ke ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe su yaudari namun daji, burina in ga mai rai yana takawa. Ban gan shi ba. Mun dai samu cilakowa, da zabin daji, da zalɓe tsaye a bakin ruwa, sai carki a gadon bayan ɓauna daga nesa.

Furanni ne suka share mana hawaye. Na ɗauka da rani babu abin gani sai busasshiyar ciyawa, ashe ba haka ba ne. Inda wuta ta cinye daji, ƙasa baƙi ƙirin, sai ga furen rawaya ya ɓullo daga toka, ba ganye ba reshe, kamar an zuba zinariya. Wata Hajiya a cikinmu ta durƙusa ta ce da saiwarsa kakarta ke rina zare. Gurjiya ma ta kaɗe ganye ta yi jan fure, ƙananan tsuntsaye na shan ruwansa. Nan kaɗai muka tsaya muka yi kallo a natse.

Wanda zai je ya guji baƙin kaya da shuɗi, domin su ƙudan tsando ke bi, cizonsa kuma har ta cikin riga. Ya ɓoye abincinsa, gwaggon birin Wikki ba ya jin kunya. Wanka a ruwan ɗumin Wikki a bar shi sai an dawo daga daji.

Kuɗin mota da na shiga duk mun biya daidai da wanda ya ga burtu, wannan ne ke ci mini rai har yau. Na riga na faɗa wa 'yan tafiyar: zuwa na gaba a Wikki za mu kwana, mu fita tun da duku-duku, wanda ya makara kuma ya nemi motarsa.