Masha Allah ɗin da ya kuɓuce mini a Patan

Talata, dare.

Ƙarfe sha ɗaya ta wuce, maganar Auta ta hana ni barci.

Da hantsi muka tsallaka kogin Bagmati zuwa birnin Patan, nan ƙasar Nepal, tunda Abbansu na wajen taro har la'asar. Mun so leƙa Kwa Bahal, haikalin nan mai ruwan zinare, aka ce ba a shiga da abin fata. Takalmina da jakata duk fata, sai muka haƙura muka bi lungu. Ta ko'ina ƙarar 'yan guduma ke tashi, sai na tuno maƙerar Baba.

A wani ɗan shago muka tarar da dattijo ɗan zuri'ar Shakya, masu wannan sana'a kaka da kakanni. Kambi yake yi wa mutum-mutumin Buddha. Fallen jan ƙarfe ake kwantarwa kan ƙaro, a yi ta bugu ta baya har furanni su taso ta gaba. Sai a kwaɓa zinare da zaiba a shafa, a kara a wuta, zaibar ta bi hayaƙi, zinaren ya zauna daram. Hayaƙin nan guba ne. Mu a kan aikin dasa duwatsun ado muka same shi: jan murjani da shuɗin dutsen nan mai kore-kore da mutanen Tibet ke so, wani bai fi ƙwayar dawa ba. Ya ɗauka da hantsaki, ya dasa a gurbi, ya lanƙwaso bakin gurbin ya riƙe shi. Ko ɗago kai bai yi ba.

Ban san sanda na ce “Masha Allah” ba, da ƙarfi kuwa.

Auta ta ja mini hijabi. “Umma, ba na gunki ba ne?”

Na ce, “Hannunsa na yaba, ba abin ba.”

“To ai hannun ne ya yi abin.”

'Yar shekara takwas fa! Na rasa ta cewa, na ja ta muka fita, ko sallama ban yi wa bawan Allah ba. Wannan ma na damuna. Imanina na nan inda yake, alhamdulillahi, amma ni 'yar maƙeri ce, idona ba ya ganin aiki mai kyau ya wuce. Da Baba na raye na san sai ya durƙusa gefen mutumin nan ya karɓi hantsakin ya jujjuya.

Abbansu dariya kawai ya yi.

Shinkafa da miyar wake kuma yau. Ruwan sama tun magariba.

Gobe zan koma in ji ko zai yi wa Hajiya 'yan kunne da murjanin nan. Auta a ɗaki zan bar ta.