Ranar da ƙanƙarar Oulu ta kai ni ƙasa

Wallahi har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai, amma ranar kam ba dariya na yi ba. Juma'a ce cikin watan Maris a Oulu, wani gari a arewacin Finland, na makara, na fito da sauri zan kama bas in tafi masallaci, na zura takalmin fata sau-ciki da na zo da shi daga Kano don ai Juma'a ce dole mutum ya ɗan fito fes, hannuwa biyu duk a aljihun kwat. Taku nawa na yi daga bakin ƙofa ma, bai fi biyar ba, sai kawai na ga sama a inda ƙasa take. Kafin in zaro hannu ɗaya na riga na sauka a kansa. Aka yi hoton ƙashi aka ce wuyan hannu ya tsage, sati biyar ina yawo da filasta.

Abin da ya fi ba ni haushi, na ci Disamba da Janairu lafiya lau a garin nan, lokacin da sanyi ke kai digiri 20 ƙasa da sifili, rana kuma ba ta kai awa huɗu a sama ba a ƙarshen Disamba. Ni a tunanina ai an wuce wurin. Ashe ba haka ba ne. In sanyi ya yi tsanani dusar ƙanƙara a bushe take, kana takawa tana ƙara kaman ka taka garin rogo, takalmi na kama ta. Masifar tana zuwa ne in yanayi ya dawo wajen sifili, da rana ta narke ta zama ruwa, da dare ruwan ya daskare ya zama gilashi, sannan da asuba 'yar dusa ta sauko ta rufe shi ruf. Kai kana ganin fari tas ka ɗauka hanya ce. Wani lokacin ma ba dusar, kwalta ce baƙa tana sheƙi kaman an yi yayyafi, to wannan ɗin ta fi kowacce mugunta don ba ka ganin komai.

Mu abin da muka sani na santsi laka ce a damina ko tayil ɗin banɗaki in ya jiƙe, kuma ko a laka ƙafa na ɗan nutsewa ta samu abin riƙewa. Nan babu.

Wata tsohuwa maƙwabciyata, ta haura saba'in, ita ta gan ni da filasta ta kalli ƙafata ta girgiza kai. Ta nuna mun ƙasan takalminta, ƙananan ƙusoshi ne jere. Akwai kuma na roba da ake ɗaurawa a kan kowane takalmi, 'yan Finland na ce musu liukuesteet, a manyan kantuna ana samu kuma ba tsada. Sai dai fa in ka shiga kanti ko tashar jirgi ka cire, don a kan tayil su ma santsi suke, na kusa sake faɗuwa a gaban masu biyan kuɗi, kunya kaman in nutse.

Tafiyar ma sai da na sake koyo da girmana. Gajeren taku, tafin ƙafa ya sauka gaba ɗaya ba dunduniya ta fara ba, ka ɗan ranƙwafa gaba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙafafu a ɗan ware. A Janairun 2017 likitocin ƙashi na Jamus sun shawarci mutane su riƙa tafiya irin ta tsuntsun fengwin, ni dai tafiyar agwagwa nake ce mata. Ba kyan gani, amma wa ke kallonka. Hannu kuma a waje, ka sayi safar hannu mai kauri don kar sanyi ya sa ka cusa shi a aljihu, kaya a jakar goyo, waya ta zauna a inda take har ka isa. Kuma ka bi inda aka watsa tsakuwa, don a nan tsakuwa suka fi zubawa a hanyar 'yan ƙafa, gishiri ƙarfinsa na raguwa in sanyi ya yi yawa. Inda na fi tsoro yanzu shi ne saukowa daga bas da bakin zebura wato wurin tsallake titi, wurin da taya da ƙafafu suka goge ƙanƙarar ta yi sumul.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar har gargaɗi take fitarwa musamman don masu tafiya a ƙasa ranar da santsi ya yi yawa, da ban taɓa dubawa ba, yanzu kafin shayi nake dubawa. Sai ɗan abin nan mai walƙiya da ake ratayawa a jikin riga saboda duhu, heijastin, direba ya hango ka tun daga nesa, don shi ma birkinsa ba nan take yake kamawa ba.

Da na gaya wa Umma a waya cewa ta yi, “Kai dai ka dawo gida a yi maka ɗori, wace irin ƙasa ce mutum zai faɗi ba wanda ya ture shi.” Na ce Umma ai an riga an ɗaure. Takalmin fatan yana nan, duk Juma'a a jaka nake saka shi, sai dai da na isa masallaci kuma ai cire takalmi ake yi, to har yau ban gane wa nake ɗaukar ma shi ba.