Lumen 4000 na minti ɗaya, da sauran wahalar haɗa tocila

Tocilar farko da na haɗa da hannuna ba ta yi minti biyu a kunne ba sai da na ajiye ta a ƙasa ina yarfe hannu, don wallahi zafin da kanta ya ɗauka kai ka ce daga cikin garwashi na ciro ta. A lokacin abu ɗaya kawai na sani, lumen, wato ma'aunin yawan haske. Duk inda na ga lamba babba nan nake nufa, na sayi ƙwan LED mafi ƙarfi da na samu, na jefa mata wani batir da aka rubuta 9900mAh a jikinsa, wai yawan wutar da yake ajiyewa kenan, na zauna ina jiran in mayar da dare rana. Hasken ya zo kam, amma na ɗan lokaci, daga nan ya dusashe, batirin ma ya ce ga garinku.

Bari in fara da batirin nan don shi ya fi ba ni haushi. Irin batirin nan ne da ake kira 18650, sunansa awonsa ne, kauri milimita 18, tsawo milimita 65, kuma na manyan kamfanoni irinsu Samsung da Panasonic da aka daɗe ana amfani da su wajen 3500mAh suke tsayawa. To wanda ya ce maka ya cusa 9900 a wannan ɗan gwangwanin ƙarya yake, babu wata magana. Da na ɗora nawa a cajar da ke auna abin da batir ya ɗauka, ko 1000 bai kai ba, ga shi sakayau a hannu kamar ba komai a ciki. Tun ranar na daina kallon babban rubutun da ke jikin leda.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, batir lamba biyu gare shi ba ɗaya ba. Akwai yawan wutar da yake ajiyewa, wato mAh, akwai kuma yawan wutar da zai iya saki a lokaci guda ba tare da ya galabaita ba, wato amp, kuma su biyun nan kishiyoyi ne, in ɗaya ta hau ɗaya sai ta sauka. Samsung 35E yana da 3500mAh amma amp 8 kawai yake bayarwa, shi kuwa 30Q 3000mAh ne amma yana ba da amp 15. A batirin 21700, wanda ya fi 18650 girma, ma haka abin yake, 50E yana da 5000mAh amma wajen amp 10, Molicel P42A kuwa 4200mAh ne amma an rubuta masa amp 45. In ka sa 50E a tocilar da ke neman amp 20 za ta kama, ba wai ba za ta kama ba, sai dai wutar batirin tana faɗuwa nan take daga bolt 4.2 da ya cika, batirin ya yi zafi, hasken ya ragu, ƙarshe tocilar ta ɗauka batir ya ƙare alhali da sauran wuta a cikinsa. Ni yanzu P42A nake sa wa duk wata mai haɗama, 50E kuma na bar wa wadda nake kunnawa a ƙaramin haske dare guda.

Toh sai ƙwan kansa, nan ne hira take da daɗi.

Tambayar da ya kamata in yi wa kaina tun farko ita ce, nesa nake so in gani ko fili nake so in haska? Don lumen jimillar hasken da ke fita ne ta ko'ina, amma nisan da haske ke kaiwa kandela ce ke faɗa, wato ƙarfin hasken da ya nufi wuri ɗaya. Ma'aunin ANSI FL1 da kamfanoni ke amfani da shi yana ƙirga nisa har inda hasken ya ragu zuwa lux 0.25, kusan hasken farin wata kenan, kuma da wannan lissafin kandela 100,000 tana ba ka mita 632. In kana son ninka nisan sau biyu sai ka ninka kandela sau huɗu, shi ya sa tocilolin hangen nesa suke da ƙaton kai. Ƙaramin ƙwai mai tsananin haske a cikin faffaɗan madubi, wato ƙoƙon nan mai sheƙi da ke kewaye da ƙwan, shi ke harbi. Osram W1 faɗinsa milimita ɗaya ne kacal, lumen ɗinsa ba wani abin a zo a gani ba, amma zai tsaga duhu kamar mashi. Luminus SFT40 ya fi shi girma, ya fi shi amfani a wurina, don yana kai wa nesa kuma yana barin ɗan haske a gefe ka ga inda kake sa ƙafa. Cree XHP70 kuwa ƙato ne, ƙwai huɗu ne a haɗe, yana zubo haske kamar an buɗe ƙofa amma ba ya nisa sai madubin ya yi girma sosai, sannan bolt 6 ko 12 yake so, batir ɗaya ba zai kunna shi kai tsaye ba sai da direba, wato ɗan allon da ke tsakanin batir da ƙwai, irin mai ɗaga wuta. SBT90.2 shi ya haɗa duka biyun, ga nisa ga yawa, amma yana shan amp 20 ko fiye, ya mayar da yawancinta zafi. Na gwada shi sau ɗaya a tocilar wani abokina, abin burgewa ne na daƙiƙa talatin.

Amma gaskiya abin da ya canza min ra'ayi gaba ɗaya ba nisa ba ne, launi ne. Wata rana da dare ina gyaran waya a bayan wani allo, ga jar waya ga mai ruwan ƙasa, tocilar da ke bakina mai farin haske ce 6500K (K ma'aunin launin haske ne, babbar lamba fari fat, ƙarama mai ɗumi) mai CRI 70 (CRI kuma yadda haske ke nuna ainihin launin abu ne, 100 ne ƙarshensa), na rantse duk biyun iri ɗaya nake ganinsu, har na kusa yanke wadda ba ita ba. Na ɗauko wata ƙarama mai Nichia 519A 4500K da ko rabin hasken waccan ba ta kai ba, ina haskawa ja ta fito ja sak. CRI ɗin 519A ya haura 90, kuma yana fitar da jan launi da kyau, abin da ake aunawa da R9, wanda ƙwayayen arha suka fi faɗuwa a kai. Kamfanin Nichia na Japan ɗin nan dai shi ne inda Shuji Nakamura ya yi aikin shuɗin LED mai haske a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2014 tare da Akasaki da Amano, kuma farin LED ɗin da muke ta gardama a kai asalinsa shuɗin ne aka shafe da hoda mai ruwan ɗorawa.

Har cire wa 519A hula na yi. Akwai ɗan ƙoƙon silikon a samansa, na sa farce a gefe na tura a hankali, zuciyata na dukan uku-uku, sai ya ɓalle gaba ɗaya ya bar fuskar ƙwan a shafe. Hasken ya ɗan ragu, amma ya tattaru ya ƙara nisa, launin ya sauko ya yi ɗumi har da ɗan ja-ja mai daɗin ido. Kar dai a ce ni na ce a yi wa kowane ƙwai haka, wasu in ka taɓa su sun tafi kenan.

Direba shi ne ɗan allon da ke tsakanin batir da ƙwai, kuma shi mutane suka fi mantawa. Mai FET, wani ɗan makunnin lantarki, kusan haɗa batir da ƙwai yake kai tsaye, duk abin da batirin ya iya bayarwa ƙwan zai sha, saboda haka in ka sa P42A a bayan ƙaramin ƙwai irin W1 kana iya ganin ya yi shuɗi ya ƙone. Ka ga a nan batir mai ƙarfi ma matsala ne. Mai rage wuta ko mai ɗaga wuta sun fi tsada amma haskensu ba ya bin batir yana raguwa, zafinsu ma da sauƙi. Ni dai na bar FET sai don wasa.

Shi zafi kuwa ba ya karɓar cin hanci. Tocilar aljihu komai lambar da aka rubuta a kwalinta, abin da jikinta zai iya riƙewa na tsawon lokaci 'yan ɗaruruwan lumen ne zuwa wajen dubu in tana da ɗan nauyi, sauran duk turbo ne, wato matakin haske mafi ƙarfi, na minti ɗaya kafin manhajar da ke cikin tocilar, irin su Anduril, ta ji zafi ta rage da kanta. Ido ma ba ya biyan kuɗin wahalar, sai ka ninka lumen kusan sau huɗu kafin ya ce maka haske ya ninka biyu.

Mafi yawan batiran da na lissafa ba su da allon kariya, wato wanda ke yanke wuta in an samu matsala, don haka ba a jefa su aljihu ɗaya da makulli ko tsabar kuɗi, in ledarsu ta yage a sake mata wata, ba a bari su sauka ƙasa da bolt 2.5, in tocilar mai cin batir biyu ko fiye ce a jere su zama iri ɗaya, sa'annin juna, caji ɗaya. Ita kanta tocilar ma sai an kula, don wadda nake yawo da ita yanzu, 519A huɗu da P42A ɗaya, ta taɓa kunna kanta a turbo cikin aljihun wandona, ban ankara ba sai ƙaurin yadi na ji, na duba ga huji daidai faɗin gilashinta. Wandon yana nan na ajiye. Yanzu kafin in sa ta aljihu sai na ɗan sassauta murfin gindinta kwata ɗaya, wutar ta yanke.