Ƙofar kudu ta cocin Kilpeck

Talata, da hantsi. Yau ƙofar kudu kaɗai na sa a gaba, domin rana tana haska ta daga gefe, lokacin da sassaƙa ke fitowa sosai.

Cocin yana ƙauyen Kilpeck a gundumar Herefordshire ta Ingila, kusa da iyakar Wales. An gina shi wajen shekarar 1140 da jan dutsen yankin. Ginshiƙai bibbiyu ne a kowane gefen ƙofar. Na waje macizai ne a kanannaɗe, wani na haɗiye wutsiyar wani. A ginshiƙin ciki na hagu akwai mayaƙa biyu, ɗaya bisa ɗaya, da huluna masu tsini da wanduna masu faɗi, rassa sun sarƙe su. A kan ginshiƙin dama kuma fuska ce, ganye na fita daga bakinta. Sama da ƙofar an sassaƙa itacen rai cikin rabin da'ira, baka, wato lanƙwasasshen jerin duwatsu, ya kewaye shi da tsuntsaye da dodanni, mala'ika yana tsakiyar bakan.

Mutane kan yi mamakin yadda sassaƙar ta kai yau da kaifinta. Dutsen yana da ƙwari, haka ne, amma rumfar katako ta daɗe tana kare ƙofar, sai a 1868 aka cire ta don a riƙa ganin aikin. A ganina ciniki ne mai tsada. Tun daga ranar ruwan sama ya riƙa gangarowa daga bango kai tsaye kan bakan. Idan ruwa ya shiga ƙananan kafofin dutse, sanyin hunturu ya daskarar da shi, ya kumbura, sai fuskar dutsen ta fara ɓarewa kamar ɓawo. Shi ya sa a 1968 aka cusa siririyar dalma cikin haɗin duwatsun da ke saman bakan, bakinta ya ɗan leƙo waje, ruwa yana ɗiga ƙasa bai taɓa sassaƙar ba. Sai ka ɗaga kai da kyau za ka gan ta.

Mai gyaran irin wannan ƙofa ya nisanci siminti. Ya fi dutsen tauri, yana kulle danshi a ciki, ƙarshenta gefen dutsen ne ke marmashewa. Kwaɓin farar ƙasa da yashi ake sa wa, mai barin bango ya bushe. Gansakuka ma ba a kankare ta da burushin ƙarfe.